Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Waɗanda Sunansu Bai Hau Fasta Ba

Masu bibiyar wannan fili, ku yi mini haƙuri, wannan makon ba daga inda muka tsaya za mu ɗora ba. Maganar Kawu ce ta hana ni sakat. Kun san shi da karin maganarsa guda a kan sana'ar nan tamu ta fim: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba ya jawo ta a zancen siyasa ko na kasuwa, sai in an ɗauko zancen fim. A duk tarihin fim kuwa ban san inda ta zauna daram kamar a kan Cabiria ba, fim ɗin Italiya na 1914, na zamanin da fim bai fara magana ba. Shi za mu baje yau.

Duk wanda ya ga fastar fim ɗin ta wancan lokaci, sunan da zai fara cin karo da shi da manyan haruffa shi ne Gabriele D'Annunzio. Marubucin waƙoƙi ne, babu kamarsa a Italiya a lokacin, kuma babu kamarsa wajen cin bashi. Bashin ne ya kore shi zuwa Faransa a 1910, bai koma gida ba sai 1915. Ke nan duk watannin da aka yi ana ɗaukar fim ɗin a birnin Turin, mutumin yana wata ƙasa. A 1913 Giovanni Pastrone na kamfanin Itala Film, daraktan fim ɗin, ya bi shi har Paris da labari a shirye, ya ajiye masa lira 50,000, kuɗin Italiya na lokacin. Aikin da ya yi shi ne gyara rubutun da ake nunawa tsakanin fitowa da fitowa, ya ƙawata shi da manyan kalmomi, ya raɗa wa wasu 'yan wasa suna, ciki har da Cabiria da Maciste, ya sa hannu. Shi ke nan. Lira 50,000 a lokacin kuɗin shirya fim guda ne sukutum irin na yau da kullum. Shi Cabiria kansa ya ci wajen lira miliyan ɗaya.

Amma kada a ɗauka Pastrone kura ce. Da lissafin kuɗi ya shigo harkar, daga teburin akawu ya hau har ya zama mai faɗa a ji a kamfanin, kuma ya san abin da ya saya. Manyan mutane a lokacin kallon abin 'yan kasuwa da yara suke yi wa silima. Sunan mawaƙin ne ya buɗe masa ƙofar manyan gidajen wasa, shi ya sa ranar 18 ga Afrilu, 1914 aka fara nuna fim ɗin a babban zauren Vittorio Emanuele na Turin, da cikakkiyar tawagar makaɗa. Pastrone ya ɓoye sunansa da gangan, ya karɓi riba. Wanda aka ci da gaske a ɓangaren labari shi ne Emilio Salgari, wanda littafinsa na 1908 a kan ƙonewar birnin Kartaj yana cikin inda aka ɗebo zaren labarin. Talauci da bashi suka sa ya kashe kansa a 1911, a cikin Turin ɗin nan dai, kuma ba a ambace shi ba.

Labarin a taƙaice: dutsen Etna ya yi aman wuta a tsibirin Sisili, mai raino ta gudu da yarinya Cabiria, 'yan fashin teku suka kama su suka sayar a Kartaj, birnin da ke cikin Tunisiya ta yau. Babban bokan gunki Moloch zai jefa yarinyar a wuta, sai ɗan leƙen asirin Romawa Fulvio da bawansa Maciste suka ƙwace ta. Duk wannan a cikin yaƙin Rum da Kartaj na biyu, zamanin Hanibal, jagoran yaƙin Kartaj, shekara 218 zuwa 201 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba banza aka zaɓi wannan labari ba. A 1911 zuwa 1912 Italiya ta ƙwace Tarabulus daga hannun Turkawa, Tarabulus ɗin da fataken Kano suka sani sarai, don haka 'yan kallo suna ɗokin ganin kakanninsu sun murƙushe wani birni na Afirka.

To, yanzu ga masu shan bugu. Na farkonsu mai wana kyamara. Kyamarar lokacin akwati ce ta katako a kan ƙafa uku, babu batir, babu injin da ke juya ta, hannu ne a gefe ko a baya da ake wanawa. Wanawa ɗaya tana wuce da hoto takwas, don haka sau biyu a daƙiƙa ake so, a samu hoto 16. Zaren fim ɗin faɗinsa milimita 35, mita guda tana ɗaukar hoto 52 da ɗan ɗoriya, ke nan minti ɗaya yana cin wajen mita 18. Akwatin zare mai mita 120 bai kai minti bakwai ba ya ƙare, sai a tsaya a ɗura wani, kuma ɗurin a cikin duhu ake yi, da lalube. In hannunka ya yi sanyi ya rage gudu, a majigi mutane za su riƙa zabura kamar an tsikare su, hoton kuma ya yi fari don haske ya yi masa yawa. In ka ƙara gudu, su yi ta jan jiki, hoton ya dushe. Abin da ya fi wuya shi ne hannu ya ƙi bin ido: ana ta gudu da kururuwa a gabanka, wuta tana ci, zuciya tana bugawa, kai kuwa biyu a daƙiƙa, ba ƙari ba ragi. Yawancin masu wannan aiki da wata waƙa a zuci suke riƙe ƙidaya. Cikin waɗanda suka yi wa Cabiria wannan aiki akwai Augusto Battagliotti, Natale Chiusano, Carlo Franzeri da Giovanni Tomatis. Ku sake karanta sunayen, don ba a fasta za ku gan su ba.

Kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Kafin a fara wanawa ake leƙawa a daidaita gilashi, a auna nisa, a ja layi a ƙasa a ce wa ɗan wasa nan ne iyakarka, in ka tsallake ka fita daga hoto. Bayan nan sai tawakkali. A wurin sanyi da bushewar iska akwai wata masifa ta daban: zaren yana gogar cikin akwati ya yi tartsatsi, irin wanda riga ke yi da hunturu in ka tuɓe ta cikin duhu, sai an wanke a ga zane kamar reshen bishiya ya ratsa hoton. Ku tuna da wannan in kun ga fitowar Hanibal yana haye duwatsun Alps da giwaye da dogon layin sojoji a cikin ƙanƙara, wadda a kan duwatsun gaske aka ɗauke ta. Irin wannan fitowa ba a cewa a sake ta gobe da sauƙi. Giwa ba ta san an ɓata zare ba.

Babbansu duka, wanda ni a wurina shi ne ruhin fim ɗin, Segundo de Chomón, mutumin Teruel ta ƙasar Sifen, haifaffen 1871. Ya yi aikin rina fim a Barcelona, ya yi shekaru a kamfanin Pathé na Paris yana haɗa dabarun siddabaru na kyamara, Itala ta ɗauko shi a 1912. A wannan shekarar aka yi wa wata na'ura rajista da sunan kamfanin Pastrone, wadda ba komai ba ce illa amalanke mai taya da ake ɗora kyamara a kai a tura. Yau kowane yaro da waya a hannu yana tafiya yana ɗauka, yana ganin ba komai. A lokacin kyamara a kafe take kamar ɗan kallo a kujera. Da an ɗora ta a taya matsala uku ke tasowa. Ƙasa in ba ta miƙe sumul ba, kowane ɗan tudu sai ya fito a allo ya zama girgiza. Nisa yana canzawa, don haka wanda ya fito tar a farkon tafiya zai iya dushewa a ƙarshenta, sai an tsuke bakin gilashi, tsukewa kuma tana neman haske mai yawa. Na uku, mai wanawa yana tafiya, mai turawa yana da nasa takun, dole hannun wannan kada ya bi ƙafar wancan. Shi ya sa a fim ɗin tafiyar kyamara a hankali take ƙwarai, kuma yawanci a karkace take shiga, ba kai tsaye ba. Karkacewar ce ke sa ginshiƙi na gaba ya gifta na baya, ido ya gane cewa ginin nan na gaske ne, yana da ciki, ba zanen labule ba ne. Har shekaru bayan nan masu sana'a a Ingila da Amurka da sunan fim ɗin suke kiran irin wannan tafiya. Sunan fim ɗin, ba sunan mai turawa ba.

Wannan ya kawo mu ga kafintoci da masu filasta da masu fenti. Kafin wannan zamani yawancin fina-finai a gaban zanen yadi ake yin su, iska in ta kaɗa sai bangon fada ya yi rawa. Nan kuwa gini aka tayar na katako da filasta, da matakala da mutum zai taka, da ginshiƙai masu siffar giwa, da ƙofar haikalin Moloch wadda wangamemen baki ce mutane ke shiga ta cikinsa. A ciki ga gunkin, ƙirjinsa yana buɗewa, ana ɗora yaro, ya rufe, wuta da hayaƙi suna fita ta bakinsa. Wani ne ya zauna ya ƙera marfin nan ya buɗe ya rufe a kan lokaci, wani kuma yana bayan gunkin a cikin hayaƙi yana karɓar yaran. Ga katako, ga fenti, ga wuta tsirara, ga zaren fim wanda shi kansa ɗan'uwan albarushi ne, in ya kama ko a ruwa ka tsoma shi ba ya mutuwa. Kura da shan bugu.

Aman wutar Etna aikin Chomón ne, kuma yadda ake yin irinsa ya isa a tsaya a kai. Dutsen ƙarami ne, ƙerarre, a cikin ɗaki. Sai a rufe wani ɓangare na gaban gilashi da baƙin kati, a ɗauki dutsen yana feshin wuta a ɓangaren da aka bari, ana ƙirga wanawa ɗaya bayan ɗaya. A rufe gilashi ruf, a mayar da zare baya daidai adadin da aka ƙirga. A juya katin, a rufe inda aka riga aka ɗauka, a buɗe ɗaya gefen, a ɗauki mutane da dabbobi suna gudu. In ƙidaya ta kuskure, wuta da gudu ba za su haɗu ba. In katin ya gota ko da kaurin gashi ne, baƙin layi ko farin layi zai raba hoton biyu. In hasken ɗauka ta biyu bai yi daidai da na farko ba, kowa zai gane ɗinki ne. Kuma duk a kan zare ɗaya ake yi, in ta biyu ta lalace ta tafi da ta farko. Haka aka bi da mafarkin gimbiya Sofonisba, haka jiragen ruwan Romawa da madubin masanin Girka Archimedes ya ƙone a birnin Sirakus ƙananan ƙerarru ne a kan ruwa.

Hasken ma abin magana ne. Ɗakin ɗaukar fim na lokacin da gilashi ake rufa shi don rana ta shigo, a ja farin yadi a tace ta. A Cabiria an ƙara da fitilun lantarki masu sandunan kabon, an haska fuska daga ƙasa, kamar inda tsoho Archimedes ke tsaye wutar jirage tana haska shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da injin majigi mai kabon ya san halin wannan wuta: tana huci, tana tartsatsi, sandunan suna cinyewa sai ana matso da su, kuma in babu gilashi a gabanta tana ƙona ido, mutum ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Zaren lokacin kuma ba ya ganin ja. Jan leɓe baƙi yake fitowa, shuɗin ido ya fito fari fat, sararin sama ya wanke. Mai kwalliya da mai ɗinki dole su san wannan, su zaɓi launi don yadda zai fito, ba don yadda yake a ido ba.

Yaran yanzu da ke dariya wai mutanen dā tafiyar 'yar tsana suke yi, laifin injinku ne. Abin da aka ɗauka a hoto 16 kuka saka a injin mai 24, dole ya yi gudu da rabi. Fim ɗin nan ya haura mita 3,000, wajen awa uku ke nan a gudunsa na asali, a gudun injin zamani ya koma awa biyu. A 1931 da aka sake fitar da shi da sauti, wannan matsalar ce a gaban Pastrone. A 2006 gidan tarihin silima na Turin ya fito da gyararren kwafi aka gan shi kusa da yadda yake. Na yi gaba da yawa, bari in koma.

'Yan wasa. Lidia Quaranta, 'yar Turin, ita ce Cabiria bayan ta girma, sunan fim nata ne, amma ba ta da abin yi da yawa, ana ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Ƙaramar Cabiria Carolina Catena ce, kuma ita aka ɗaga sama a gaban gunki. Umberto Mozzato ne Fulvio. Wadda ta cika allo ita ce Italia Almirante Manzini a matsayin gimbiya Sofonisba, 'yar gidan 'yan wasan daɓe, ga damisa a gefenta tana shafawa, ga mutuwarta da guba wadda ta ja ta har sai da ta ƙoshi. Salon daɓe ne, hannu a goshi, ido a sama. A yau ya yi yawa, a lokacin shi ake biya.

Sai Bartolomeo Pagano. Ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa ta Genoa, haifaffen 1878, bai taɓa wasa ba, ƙirarsa aka gani aka ɗauko shi. Aka shafe shi da baƙin shafi tun daga fuska har ƙafa don ya fito a bawa ɗan Afirka. Wannan abu ba ya mini daɗi, kuma ban ga dalilin ɓoye hakan ba: an je har Tunisiya ɗaukar hamada da raƙuma, amma babban matsayi na baƙin mutum sai aka ba Bature aka yi masa fenti. Duk da haka gaskiya ɗaya ce, shi ya fi kowa iya tsayuwa a gaban kyamara. Sauran suna wasa, shi yana aiki. Dubi inda aka ɗaure shi da sarƙa a jikin dutsen niƙa yana turawa shekara goma: kafaɗar da ƙafar na wanda ya san nauyi ne, ba koya masa aka yi ba. Dubi kuma yadda yake riƙe yarinyar, da murmushinsa. 'Yan kallo suka bar jarumi da jaruma suka bi bawa. Daga 1915 kamfanin ya buɗe masa fina-finansa na kansa, ya yi ta fitowa a Maciste har bayan tsakiyar shekarun 1920, fiye da fim ashirin, kuma tun daga na farko aka wanke fentin, Maciste ya koma fari ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Shi kam a cikin masu shan bugu ya ɗan taɓa kuɗin gardi, amma sunan da duniya ta riƙe wanda mawaƙin ya raɗa ne, ba wanda uwarsa ta sani ba. Ya rasu a 1947.

Ɗaruruwan da suka cika fili fa? Akwai inda sojoji suka durƙusa suka ɗora garkuwa a baya, wasu suka hau kansu suka yi haka, hawa bisa hawa, har Fulvio ya taka su ya kai saman ganuwa. Babu dabarar kyamara a nan, bayan mutane ne. Na ƙasa yana ɗauke da kowa, fuskarsa ma ba a gani.

Bayan an gama ɗauka aiki bai ƙare ba. Ana ba da labarin an ɗauki wajen mita 20,000, aka tace ta koma abin da aka nuna. Sannan rini. Fim ɗin ba fari da baƙi aka kalle shi ba: wuta ja, dare shuɗi, rana ruwan ɗorawa. Dare ma da rana ake ɗaukarsa, rini ne ke mayar da shi dare. Kowane yanki daban ake naɗe shi a firam na katako, a tsoma a kwamin rini, a ɗauraye, a shanya, sannan a kankare bakin zare a shafa gam a liƙa shi da na gaba. Ba sau ɗaya ba, kowane kwafi da za a aika wani gari sai an yi masa haka, ɗaruruwan haɗi a kwafi guda, kuma a masana'antar lokacin yawanci mata ne a wannan tebur. Haɗi ɗaya in bai kama ba, a tsakiyar kallo zai tsinke, kuma mai injin ne zai sha zagi. Kawu a nan yake ƙara nanata maganarsa, don ya san wa ake jifa da ɓawon rake in allo ya yi fari.

Kiɗan ma bai tsira ba. Sunan Ildebrando Pizzetti aka tallata, alhali abin da ya rubuta yanki ne guda na wajen minti goma, na wurin hadayar wuta. Sauran kiɗan na kusan awa uku almajirinsa Manlio Mazza ne ya harhaɗa.

Fim ɗin ya ci kasuwa. A watan Yunin 1914 ya isa New York, aka kuma nuna wa shugaba Woodrow Wilson shi a Fadar White House. Masu cewa daraktan Amurka D. W. Griffith ne ya ƙirƙiro komai su dubi giwayen da ke kan ginshiƙan Babila a fim ɗinsa na 1916, su faɗa mana inda ya gan su. Sai yaƙin duniya ya ɓarke, Italiya ta shiga a watan Mayun 1915, bayan yaƙi kasuwa ta koma hannun Amurka, masana'antar Turin ta durƙushe. Pastrone ya bar fim ya koma binciken magunguna, ya rasu a 1959. Lidia Quaranta ta rasu a 1928, ba ta kai arba'in ba. Almirante Manzini ta ƙaura Brazil, ta rasu a São Paulo a 1941. D'Annunzio ya mutu a 1938 a katafaren gidansa na bakin tafkin Garda, wanda har yau ake biyan kuɗi a shiga kallo. Chomón ya koma Paris, ya yi wa daraktan Faransa Abel Gance aikin dabaru a babban fim ɗinsa na 1927 a kan Napoleon, nan ma a bayan fage, ya rasu a 1929 yana da shekara 57.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma inda muka tsaya, kuma akwai bayanin yadda ake liƙa zaren da ya tsinke ana tsakiyar kallo, wanda wasunku suka tambaya.